Wiwi da Doka: Me Ake Nufi da Halattawa da Karɓar Haraji?

Mai karatu, wataƙila ka ji a rediyo, ko kuwa ɗanka ya nuna maka a waya, cewa akwai ƙasashen da ake sayar da wiwi a kanti, gwamnati kuma tana karɓar haraji a kanta. Maganar ta iso mana har Garwa. Za ka ji ta a wurin masu shayi, za ka ji ta a inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja. Wani ya ce, "Ai Turawa sun halatta ta." Wani ya ce, "Ai magani ce." Wani kuma ya ce da gwamnati za ta bari a noma ta, da manomi ya huta da wahalar auduga.

Mu ma a asibiti muna jin wannan magana, amma a bakin wasu mutane dabam. Uwa ce za ta kawo ɗanta, kwana huɗu bai runtsa ba, yana magana shi kaɗai. In muka ce masa wiwi ce ta jawo, sai ya ce ai an halatta ta a Kanada. Shi ya sa muka rubuta wannan ɗan littafi. Za mu gaya maka abin da kowane ɓangare yake faɗa, da abin da ya faru a ƙasashen da suka gwada, da abin da wiwi take yi wa jikin mutum. Ka karanta a hankali, ka kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Mece ce wiwi?

Wiwi tsiro ce mai ganye kamar yatsun hannu. Wasu suna ce mata tabar wiwi, wasu ganye, a nan Kamaru kuma an fi saninta da banga. Ƙarfinta yana cikin furen macen tsiron da wani danƙo da yake fitarwa. A cikin wannan danƙo akwai sinadarai masu yawa, amma biyu ne za ka riƙe. Na farko sunansa THC, shi ne mai bugarwa. Na biyu sunansa CBD, shi ba ya bugarwa.

In mutum ya zuƙi hayaƙin, THC yana bi ta huhu ya shiga jini, ya kai ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintoci. Buguwar takan ɗauki awa 2 zuwa 3. In kuwa a abinci ko a shayi aka sa ta, ba ta kama mutum sai bayan rabin awa har zuwa awa 2, kuma ta fi daɗewa a jiki. THC yana laɓewa cikin kitsen jiki. Wanda yake sha kullum, ana iya ganin alamarsa a fitsarinsa makonni bayan ya daina.

Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 228 ne suka sha wiwi a shekarar 2022. Duk cikin kayan maye da doka ta hana, babu wanda aka fi sha kamarta.

Me dokar Kamaru ta ce?

A nan ƙasar wiwi haramtacciya ce. Doka mai lamba 97/019 ta ranar 7 ga Agusta 1997 ta hana noma ta, da ajiye ta, da ɗaukar ta daga wuri zuwa wuri, da sayar da ita, da shan ta. Hukuncin mai noma da mai fatauci ya fi na mai sha tsanani, yana kai mutum gidan yari shekara da shekaru. Akwai kuma kwamitin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda yake aiki tare da ma'aikatar lafiya.

Ka riƙe wannan da kyau. Dokar Kanada ta Kanada ce. Idan jandarma ya kama ɗanka da ƙullin wiwi a hanyar Pitowa ko a tashar Gidar, labarin abin da ake yi a Amurka ba zai fid da shi ba.

Halattawa iri uku ce

Mafi yawan gardamar da ake yi ta samo asali ne daga haɗa abubuwa uku a kira su da suna ɗaya.

Iri na farko shi ne a ba kamfani lasisi ya noma wiwi don a yi magani ko kayan masana'antu, kamar igiya da tufafi da mai. Wannan ne wasu ƙasashen Afirka suka yi. Lesoto ce ta fara a 2017, Zimbabuwe ta biyo a 2018, Malawi a 2020, Maroko a 2021. Gana ta yarda a noma irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, wato irin da ba ya bugarwa. A duk waɗannan ƙasashe, shan wiwi don jin daɗi laifi ne har yanzu.

Iri na biyu shi ne a daina kama baligi don ya sha a cikin gidansa, amma ciniki ya ci gaba da zama laifi. Haka kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta yanke ranar 18 ga Satumba 2018. Jamus ma, tun 1 ga Afrilu 2024, ta yarda baligi ya riƙe giram 25 ya kuma shuka tushe 3 a gida, amma ba ta buɗe kantunan sayarwa ba.

Iri na uku shi ne a sayar a fili. Yurugai, a Kudancin Amurka, ita ce ƙasar da ta fara yin wannan doka a ƙarshen 2013, gwamnati ce kuma take riƙe da cinikin. Kanada ta buɗe kantuna ranar 17 ga Oktoba 2018, tana karɓar haraji. A Amurka wasu jihohi ne suka halatta, Kolorado da Washinton suka fara da ƙuri'ar jama'a a Nuwamba 2012.

Akwai kuma wani labari da ake yawan juya shi. Ranar 2 ga Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta jefa ƙuri'a, ƙasashe 27 suka rinjayi 25, aka cire wiwi daga jerin abubuwa mafi haɗari waɗanda ake ganin kusan ba su da amfani a asibiti. An yi haka ne don a sauƙaƙa bincike da yin magani. Har yau tana cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar 1961 ta ce a tsare su da doka mai tsanani.

Saboda haka in wani ya ce maka "an halatta," ka tambaye shi: a ina, kuma wane iri?

Abin da masu goyon baya suke cewa

Masu son a halatta ba duka ne mashaya ba. A cikinsu akwai likitoci da alƙalai da tsofaffin 'yan sanda, kuma hujjojinsu sun cancanci a saurara.

Suna cewa an shekara da shekaru ana hanawa, amma wiwi ba ta ɓace ba. Kuɗinta kuwa yana tafiya aljihun 'yan fasa-ƙwauri da masu cin hanci. Suna cewa yaron da aka ɗaure saboda ƙulli ɗaya yakan fito ya fi yadda ya shiga lalacewa: makaranta ta wuce shi, ya koyi sata a ciki, wani ma ya fito da tarin fuka. Suna cewa mai jin tsoron kamu ba ya zuwa asibiti sai abu ya ɓaci. Suna cewa a ɓoye ba wanda ya san abin da aka gauraya a ciki, amma a kanti ana iya auna ƙarfinta a rubuta a jikin ƙunshi, a kuma hana sayar wa yara. Daga ƙarshe suna cewa tun da ana karɓar haraji a kan taba da giya, a karɓa a kan wannan ma, a gina makarantu da asibitoci.

Abin da masu adawa suke cewa

Masu adawa suna cewa duk abin da aka sa a kanti, yaro zai ɗauka ba shi da illa. Suna cewa kamfani riba yake nema, ribarsa kuwa tana wajen mai sha kullum, don haka ba zai so kowa ya daina ba. Haka kamfanonin taba suka yi. Suna nuna cewa wiwin yau ta fi ta da ƙarfi: a Amurka, wadda ake kamawa wajen 1995 THC ɗinta kamar kashi 4 ne cikin 100, bayan shekara 20 ya ninka sau 3. Suna nuna yaran da suke cin alewa da biskit masu wiwi bisa kuskure. A Amurka, yara 'yan ƙasa da shekara 6 da aka kai rahoton sun ci irin wannan sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021.

Suna kuma kawo misalin Tailan. Ta sake wiwi a Yuni 2022, kantuna dubbai suka buɗe cikin ɗan lokaci. A Yuni 2025 gwamnati ta koma ta ce ba za a sayar wa kowa ba sai da takardar likita.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta yi wannan gardama a fili. A 2019 gwamnan jihar Ondo na lokacin, Rotimi Akeredolu, ya nemi a yarda a noma wiwi don magani, jiharsa ta sami kuɗin shiga. Shugaban hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, Buba Marwa, wanda ya kama aiki a Janairu 2021, ya tsaya a kan ba za a halatta shan ta ba. Hujjarsa ita ce binciken da aka yi a 2018, wanda ya nuna mutum miliyan 10.6 suna shan wiwi a Najeriya tun ma tana haramce.

Kuɗin harajin, nawa ne?

Jihar Kolorado ta fara sayarwa ranar 1 ga Janairu 2014. Dokarta ta ce dala miliyan 40 na farko na wani kashin harajin, kowace shekara, a sa shi a ginin makarantu. A 2021 ta karɓi fiye da dala miliyan 400, shekarar da ta fi samu ke nan, daga nan kuɗin ya riƙa raguwa. Kuɗi ne mai yawa. Amma in aka auna shi da duk abin da jihar take kashewa a shekara, bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

To, ka dawo da tunaninka gida. Haraji ba ya shiga sai in mutane sun saya a kantin da gwamnati ta sani. In haraji ya yi yawa, na kanti zai yi tsada, mai saye ya koma wurin na ɓoye. In ya yi kaɗan, wiwi ta yi araha, masu sha su ƙaru. Ko a Kalifoniya, inda akwai ma'aikata da kayan aiki, cinikin ɓoye bai mutu ba.

Ka dubi man zuwa-zuwa da ake sayarwa a kwalabe a bakin titunan Garwa da Marwa. Akwai gidajen mai masu biyan haraji, akwai 'yan duwan a kan iyaka, amma duk wanda ya ga mai araha can zai nufa. Fetur ma sai an ɗauko shi daga nesa. Wiwi kuwa a bayan ɗaki take tsirowa. Wa zai biya haraji a kan abin da maƙwabcinsa zai ba shi a rabin kuɗi?

Ka dubi kuma giyar leda. Tun 2014 gwamnati ta ba da umarnin a daina ta, aka yi ta ƙara wa'adi, ba ta bar kasuwa ba. Taba sigari kara-kara ake sayar da ita, ba mai tambayar shekarun yaro. A Kolorado sai ka nuna katin shaida cewa ka kai shekara 21. A ƙauyukanmu yara da yawa ko takardar haihuwa ba su da ita.

Sannan akwai kuɗin da yake fita. Jinyar wanda ya faɗi da babur, da maganin mai taɓin hankali na wata da watanni, da gonar da ba a nome ba. Haraji baitulmali yake shiga, amma kuɗin jinya daga rumbunka yake fita. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu kuma suna Yawunde da Duwala. Daga Garwa zuwa asibitin Jamot na Yawunde tafiya ce ta kwana da wuni.

Abin da wiwi take yi wa jiki

Majalisa tana iya canza doka. Ba ta iya canza yadda jiki yake aiki. Taba halal ce a dokar ƙasa, amma tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara a duniya.

Ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Yaron da ya fara sha da wuri yakan yi fama da mantuwa da rashin natsuwa, karatu ya gagare shi.

Kamuwa. A cikin mutum 10 da suka taɓa sha, kamar 1 yakan kamu har ya kasa bari. In tun yana ɗan saurayi ya fara, 1 ne cikin 6.

Taɓin hankali. Wannan shi ne abin da ya fi damunmu. A Suwidin an bi samari 45,570 da suka shiga aikin soja har shekara 15, aka buga sakamakon a 1987. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su sha ba sau 6 wajen kamuwa da taɓin hankali mai daɗewa. Wani bincike na 2019, a wurare 11 na Turai da Birazil, ya nuna mai sha kullum haɗarinsa ya ninka sau 3, in mai ƙarfi yake sha kusan sau 5. Ba kowane mai sha ne yake zaucewa ba, gaskiya ne. Amma ba wanda ya san kansa tun da wuri. In akwai mai taɓin hankali a danginku, haɗarin ya fi yawa.

Huhu. Hayaƙin yana kawo tari da kaki da shessheƙa. Masu zama a ɗaki ɗaya suna miƙa wa juna kara ɗaya suna iya ɗaukar tarin fuka daga juna.

Zuciya. Tana sa zuciya bugawa da sauri. Mai ciwon zuciya ya nisance ta.

Tuƙi. Tana rage saurin ganin haɗari da taka birki, tana sa mutum ya kasa auna nisa. Ɗan acaɓa yana jin kamar ya ƙware, alhali hannunsa ya yi nauyi. Fasinjansa bai san komai ba.

Mai ciki da mai goyo. 'Yar'uwa, THC yana ratsa mahaifa ya kai ga jariri, yana kuma shiga nono. Jariran masu sha sukan zo da ƙarancin nauyi. Kada ki sha ta don laulayi, kada kuma ki yarda a sha kusa da jaririnki.

Haɗawa. A nan arewa da wuya ka sami mai shan wiwi ita kaɗai. Ana haɗa ta da tramol, da giya, da sholisho, wani lokaci da zaƙami. Tramol da yawa yana sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, in ya haɗu da giya yana iya tsai da numfashi.

To, ba magani ba ce?

Akwai gaskiya a ciki, amma ƙanƙanuwa ce. Tun 1985 akwai ƙwayar da aka yi da THC don tsai da amai ga masu shan maganin ciwon daji. A 2018 Amurka ta yarda da wani ruwan magani na CBD, mai suna Epidiolex, don wasu irin farfaɗiya masu wuya da suke kama yara. Akwai kuma wanda ake fesawa a baki don sandarewar jiki a wata cutar jijiyoyi. Waɗannan an tace su, an auna su, likita ne yake rubutawa yana kuma bin mai shan.

Mofin, maganin da muke ba mai ciwo mai tsanani bayan fiɗa, daga wani fure ake samunsa. Daga furen nan kuma ake yin hodar da take hallaka mutane. Fitowar magani daga tsiro ba ta mai da tsiron abin sha ba.

Wiwi ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, ko taifot, ko ƙanjamau, ko ciwon daji. In yaronka yana da farfaɗiya, kada ka ba shi ruwan ganye. Akwai magunguna masu araha da suke tsai da ita, ka kawo shi.

Kai manomi

Mun san kuɗin auduga ba ya zuwa da wuri, taki kuma ya yi tsada. In wani ya zo ya ce ka ɓoye 'yan layuka a tsakiyar masara zai saya da tsada, ka tuna abu biyu. Ranar kamu, mai gona ake tafiya da shi, mai saye ba a ganinsa. Kuma abin da ka shuka a bayan gida, 'ya'yanka ne za su fara ɗanɗanawa.

Ko a inda aka halatta noman, ba lalle ƙaramin manomi ya amfana ba. A Lesoto lasisin ya yi tsadar da sai manyan kamfanoni suke iya saya, da yawansu da kuɗin ƙasashen waje. Maroko ta ɗan bambanta: ta keɓe larduna 3 a duwatsun arewacinta inda aka daɗe ana noman, ta sa manoma su shiga ƙungiyoyi su sayar wa kamfanoni masu izini, a Agusta 2024 kuma sarkin ƙasar ya yi wa manoma fiye da 4,800 afuwa. Wannan ya yiwu ne da hukuma ta musamman mai bin kowace gona.

Yadda za ka gane ɗanka yana sha

Idanu sukan yi ja. Tufafinsa suna wani wari dabam da na taba. Yakan yi dariya ba dalili, ya ci abinci kamar wanda ya kwana biyu bai ci ba. Ya daina zuwa gona ko makaranta, ya canza abokai, kuɗi ko kaya su riƙa ɓacewa a gida. Alama ɗaya ba ta isa hukunci ba. In sun taru, ka bincika.

Abin da za ka yi

Ka zauna da shi lokacin da yake cikin hankalinsa, ku biyu, ba a gaban mutane ba. Ka tambaye shi yaushe ya fara, me ya sa. Wani gajiyar aiki ce, wani baƙin ciki, wani rashin barci, wani kuwa bin abokai. Duka da zagi da kora ba sa raba shi da ita, wurin masu sayarwa suke tura shi.

In ya yarda zai bari, ka sani kwanakin farko da wuya. Daga kwana 1 zuwa 3 zai fara fushi, barci ya ƙi zuwa, abinci ya fita ransa, ya riƙa gumi da munanan mafarkai. Makon farko ya fi tsanani. Yawanci cikin mako 2 abin yakan lafa, barci ne yakan ɗan daɗe bai daidaita ba. Wannan wahala ba ta kisa. Ku ba shi abinci da ruwa, ku sama masa aikin yi, kada a bar shi shi kaɗai da tsofaffin abokai. In ya koma, kada ku fid da rai. Da yawa sai sun gwada sau biyu ko uku. Amma in yana shan tramol ko giya kullum, kada ya yanke su gaba ɗaya sai ya ga ma'aikacin lafiya.

Ka nemi taimakon wanda yake jin nauyinsa: kawunsa, malaminsa, limami ko fasto. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna.

Ku kawo shi asibiti ba tare da jira ba in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Yana jin muryoyi, ko yana cewa ana binsa za a kashe shi.
Ya kwana 2 ko 3 bai yi barci ba, yana ta surutu.
Yana maganar kashe kansa ko wani.
Ya faɗi yana shure-shure, ko an kasa ta da shi.
Yana amai ba tsayawa, ko ƙirjinsa yana ciwo.
Ƙaramin yaro ya ci ko ya sha wani abu mai wiwi.

Kada ku sa masa mari, kada ku ɗaure shi a gindin itace, kada ku hana shi abinci. Taɓin hankali ciwo ne, yana da magani, kuma wanda aka kawo da wuri ya fi saurin warkewa. Ku gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da ya sha. Aikinmu jinya ne, sirrin mara lafiya kuma amana ne a wurinmu.

In maganar ta zo gabanka

Yin doka aikin majalisa ne, kuma mutanen kirki suna saɓani a kan wannan batu. Wani zai ce a tsananta, wani zai ce a kai mai sha asibiti maimakon gidan yari, a bar ɗauri ga mai fatauci. In aka ta da zancen a majalisar jauro, ko a taron iyayen yara, ko a zumuntar mata, ga tambayoyin da za ka yi. Wane irin halattawa ake nufi cikin ukun nan? Wa zai hana a sayar wa yaro ɗan shekara 14? Wa zai auna ɗan acaɓa kafin ya ɗauki matarka zuwa kasuwa? Kuɗin harajin nawa ne zai iso asibitin ƙauyenku? Yaron da ya riga ya kamu, ina za a kai shi?

Abin da muka gani da idonmu a ɗakin jinya shi ne wannan: yaran da suka fara da wuri, suka kuma sha kullum, su ne suka fi shan wahala. Kowace shekara da ɗanka ya yi bai fara ba, riba ce gare shi. Rigakafi ya fi magani. Ka yi magana da 'ya'yanka tun suna 'yan shekara 10 ko 12, kafin wani ya riga ka. In kuwa akwai wanda ya riga ya shiga a gidanka, ka zo da shi wurin shan magani mafi kusa da ku, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba.

Allah ya ba mu lafiya, ya shirya mana zuriya.